Ƙwace Kayan Masarufi: Adalci ne ko Fin Ƙarfi?

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Gidan Murtala ta nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, ya san Ƙofar Ɗan Agundi, wadda take tsakanin Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Na'isa a jikin badalar Kano. A wani lungu da ke bayan wannan ƙofa aka haife ni. A lungun nan akwai tsofaffi biyu da suka fi shekara 40 suna musu a kan abu guda, har yau kuwa babu wanda ya sakar wa ɗan'uwansa. Ɗaya kakana ne, ɗaya kuma wata gwaggo ce maƙwabciyarmu. Musun nasu shi ya haifi tambayar da nake son mu tattauna da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, watau: idan abinci ya yi wuya, hukuma ta fasa ɗakin ajiyar ɗan kasuwa ta ƙwace kayansa da sunan ceton talakawa, shin mai kayan yana da bakin kai ƙara, ko kuwa yunwar jama'a ta isa ta rufe masa ƙofar shari'a?

Abin da ya faru a lungunmu

A farkon shekarar 1984, watanni kaɗan bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari a ranar 31 ga Disamba 1983, kakana yana da ɗan kanti inda yake sayar da madara da sukari da sabulu da man girki. Kayan nan sun yi ƙaranci ƙwarai a lokacin, har mutum kan yini a layi saboda gwangwanin madara biyu. Ran nan da hantsi sai ga waɗansu ma'aikatan hukuma. Suka sa aka fito da duk abin da ke cikin kantin da na ɗakin da ke bayansa, suka tsayar da mutane a layi, suka sayar a kan farashin gwamnati. Da aka gama suka miƙa masa abin da aka tara, wanda bai kai rabin uwar kuɗinsa ba, domin shi ma da tsada ya saro daga hannun dillalai. Daga ranar kantin bai sake tashi ba.

Gwaggo kuwa tana cikin layin. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ta kuma yi mako biyu tana neman madarar da za ta dama wa autanta koko ba ta samu ba. A ranar ta samu gwangwani uku da kwalin sukari. In ka tayar da zancen sai ta ce, “Ɗan nan, ni dai ran nan na san akwai hukuma a ƙasar nan.” In ka koma wajen kakana sai ya ce, “Abokina, ni kuma ran nan na san babu ita.”

Na daɗe ina ɗaukar maganar kakana a kan ita ce gaskiya tsantsa, sai wata rana da muna hira bayan sallar isha'i na matsa masa da tambaya. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a cikin katan 20 na madara da aka fitar, akwai guda 6 da ya tura ƙarƙashin gado da gangan, yana jiran kuɗi ya ƙara hawa. Sauran 14 kuwa kayan sayarwa ne da ya saro kwana uku kafin nan, yana da rasit ɗinsu. Ya ce, “Da an kai ni gaban alƙali, da na amsa laifin shida, na nemi hakkina a kan sha huɗu. Amma ba wanda ya tambaye ni.” Wannan magana ita ce ƙashin bayan abin da zan faɗa.

Asalin dokar

Ƙayyade farashi ba da mulkin Janar Buhari ya fara ba. A 1970, da aka gama yaƙin basasa kaya suka yi tsada, gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar ƙayyade farashi tare da hukumar da za ta kula da ita. A 1972 aka kafa kamfanin gwamnati na shigo da kayan masarufi da rarraba su. Ƙarin albashin Udoji na 1974 zuwa 1975 ya ƙara zuba kuɗi a hannun ma'aikata, kaya kuma ba su ƙaru ba, sai farashi ya sake tashi. Saboda haka a 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta sake fito da dokar da sabon ƙarfi. Ta haramta sayarwa sama da farashin hukuma, ta haramta ɓoye kaya, ta kuma tanadi ɗauri da ƙwace kayan wanda aka samu da laifi. Kayan da ta lissafa su ne fulawa da madara da sukari da gishiri da ashana da man fetur da danginsa, sai kekuna da babura da motoci da kayan gyaransu.

Abin lura a nan shi ne, ko a wannan doka ta soja, ƙwace kaya hukunci ne da ke biyo bayan samun mutum da laifi a gaban shari'a. Watau a takarda, tuhuma ce a gaba, sa'an nan sauraro, sa'an nan hukunci. Abin da ya faru a kasuwanni da yawa a 1984 shi ne aka juya tsarin, hukunci ya riga tuhuma, sauraro kuwa aka bar shi a baya ɗungum.

Ƙofar kotu

Mai karatu zai ce, to me ya hana irin su kakana kai ƙara? Amsar tana cikin tarihin shari'ar ƙasar nan. A watan Afrilu na 1970 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Babban Joji Adetokunbo Ademola, ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da sunan Lakanmi. Wannan shari'a ba ta kayan masarufi ba ce, ta dukiyar da gwamnatin Jihar Yamma ta ƙwace ce bayan wani kwamitin bincike, gwamnatin tarayya kuma ta mara mata baya da doka mai lamba 45 ta 1968. Kotu ta ce dokar da ta ambaci mutane da sunansu ta ƙwace musu dukiya, ta shiga aikin alƙali, saboda haka ba ta da inganci. Ba a yi wata guda ba sai gwamnatin soja ta fito da doka mai lamba 28 ta 1970, wadda ta shafe wannan hukunci, ta kuma ɗora dokar soja a kan kowace kotu. A 1984 aka sake irin wannan da doka mai lamba 13, wadda ta hana kotu sauraron ƙara a kan abin da aka aikata da sunan dokar soja. To, in mai dukiya da manyan lauyoyi ya ci shari'a a Kotun Ƙoli aka mayar da nasararsa banza, ina ga mai ɗan kanti a bayan badala? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Tsarin mulkin 1999 ya buɗe wannan ƙofa. Sashe na 44 ya hana a karɓi dukiyar mutum da ƙarfi sai ta hanyar dokar da ta tanadi biyan diyya ba da jinkiri ba, da kuma damar zuwa kotu. Sashen ya keɓe waɗansu halaye, kamar hukuncin da ya biyo bayan karya doka, da riƙe kaya na ɗan lokaci domin bincike. Sashe na 36 kuma ya ba kowa hakkin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci.

Tsohon zance ya dawo

A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan da ya biyo baya kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Zuwa Janairun 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 35 cikin ɗari, bisa ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa. A farkon Fabrairu mata masu gurasa suka fito titi a Kano suna kukan tsadar fulawa. A cikin wannan wata ne Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, wadda Muhuyi Magaji Rimin Gado yake shugabanta a lokacin, ta garƙame ɗakunan ajiya 10 a kewayen kasuwar hatsi ta Dawanau da waɗansu kasuwanni, bisa zargin ɓoye abinci. Shugabannin kasuwar suka musanta, suka ce Dawanau kasuwar sari ce, aikinta ke nan a tara kaya kafin a ɗora su a mota zuwa wani gari. Bayan 'yan kwanaki aka buɗe ɗakunan da sharaɗin a fitar da kayan kasuwa.

A cikin watan dai, a Legas, lauyan nan Femi Falana ya samu hukunci a Babbar Kotun Tarayya wanda ya umarci gwamnati ta ƙayyade farashin kayan da dokar 1977 ta lissafa cikin kwana 7. Wannan ya nuna abu biyu. Na farko, kotu ba ta 'yan kasuwa ba ce su kaɗai, mai saye ma yana iya zuwa ya nemi a tilasta wa hukuma ta yi aikinta. Na biyu, wanda ya duba jerin kayan zai ga babu gero, babu dawa, babu masara, babu shinkafa. Ashe ke nan abin da talakan Kano ya fi ci bai shiga jerin ba, kuma duk mai son ƙwace buhun gero sai ya fara amsa tambayar da lauya zai yi masa: da wace doka?

Tsakanin ajiya da ɓoyo

Yanzu sai mu zo kan ainihin matsalar. Bahaushe bai taɓa ɗaukar ajiyar abinci a kan laifi ba. Manomin da ya cika rumbunsa da kaka, ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan har damina, shi ake kira mai hankali. Ɗan kasuwar da ya sayi hatsi lokacin da yake arha ya fito da shi a bazara, shi ne dalilin da ya sa ake samun tsaba a kasuwa a watan da rumbuna suka ƙare. Ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta nuna yadda ajiyar shekara bakwai ta ceci ƙasar Masar da maƙwabtanta. Mai ɓoyo kuwa shi ne wanda ya kwashe abin da ke kasuwa a lokacin da mutane suke tsananin buƙata, ya kulle, ya ƙi sayarwa, domin wahalarsu ta zama ribarsa.

To, ga inda gizo yake saƙa. In ka buɗe ɗakin mai ajiya ka buɗe na mai ɓoyo, abu ɗaya za ka gani: buhuna a jere har rufi. Buhu ba ya magana. Bambancin yana cikin abubuwan da ido ba ya gani daga bakin ƙofa: yaushe aka sayo, a nawa aka sayo, na mutum ɗaya ne ko na mutum 30 da suka ba da ajiya, an riga an sayar ana jiran mota ko kuwa an kori masu saye. Waɗannan sai da tambaya da shaida da rasit ake gane su, tambaya da shaida kuwa su ne shari'a. Saboda haka wanda ya ce a ƙwace ba tare da sauraro ba, abin da yake faɗa a haƙiƙa shi ne a hukunta mai ajiya da mai ɓoyo da sanda ɗaya. A kantin kakana ma, katan 6 da katan 14 kamarsu ɗaya.

Abin da malamai suka ce

Malaman Musulunci sun daɗe da tauna wannan magana. Imamu Muslim ya ruwaito hadisin da ya tabbatar da cewa mai ɓoye kaya mai laifi ne. A gefe guda kuma an ruwaito daga Anas cewa da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, sai ya ƙi, yana mai nuna gudun kada wani ya bi shi hakkin dukiya. Hadisi ɗaya yana kare mai saye, ɗaya yana kare mai kaya, aikin malaman fiƙihu kuwa shi ne su haɗa su.

Yahaya ɗan Umar, malamin Malikiyya da ya zauna a Ƙairawan ya rasu a shekarar 901, ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen kasuwa mai suna Ahkamus Suƙ. Ra'ayinsa a kan masu ɓoye abinci har su cutar da jama'a shi ne a sayar da kayan ko ba su so, a mayar musu da uwar kuɗinsu, ribar kuma a yi sadaka da ita domin ladabtarwa. Dubi yadda ya auna: jama'a sun samu abinci, mai laifi ya rasa abin da ya yi laifin dominsa, amma ba a tsiyata shi ba. A nan ƙasarmu kuma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙ ya lissafa karɓar dukiyar mutane da ƙarfi a cikin ɗabi'un sarakunan da ya yi wa inkari, har ya ambaci kamuwa, watau kama dabbobin mutane ba da izninsu ba domin ɗaukar abincin sarki. Dalilin da akan bayar shi ne buƙatar hukuma, amma Shehu bai karɓi wannan a matsayin uzuri ba.

Hujjar Gwaggo

Ba zai zama adalci ba in na rufe bakin Gwaggo, domin hujjarta mai ƙarfi ce. Yunwa ba ta jiran a ɗage shari'a zuwa wata mai zuwa. Kowa ya san yadda ƙara kan shekara a kotu, ya kuma san mai sito 10 yana da kuɗin lauya, mai goyo a layi kuwa ba ta da shi. In aka ce kome sai kotu ta gama, ashe an bar mai kuɗi ya sayi lokaci, lokaci kuwa shi ne abin da mai ɓoyo yake nema tun farko.

Amsata ita ce, gaggawa tana halatta a taɓa kaya, amma ba ta halatta a cinye hakki. Hukuma tana iya garƙame ɗaki ta yi bincike. In buƙata ta tsananta, ko kayan masu lalacewa ne, tana iya neman izinin alƙali a sayar a gaban shaidu, a ƙirga, a rubuta, a ajiye kuɗin har a gama shari'a. Ta haka yaron Gwaggo zai sha kokonsa yau, kakana kuma ya tsaya gaban alƙali gobe. Ƙasar Indiya, wadda ta sha fama da yunwa, tana da dokar kayan masarufi tun 1955. Dokar ta ba jami'in gunduma ikon ƙwace kaya, amma sai ya ba mai kayan sanarwa a rubuce ya kuma saurare shi. Mai kayan yana da wata guda na ɗaukaka ƙara, in kuma ya yi nasara a mayar masa da kayansa ko kuɗinsu.

Har wa yau, ƙwace na fin ƙarfi yakan koma kan talakan da aka yi dominsa. A Faransa, a 1793, masu juyin juya hali sun sa hukuncin kisa a kan ɓoye abinci, suka kuma ƙayyade farashi. Manoma suka janye daga kasuwa, cinikin bayan fage ya bunƙasa, a ƙarshen 1794 aka soke dokar farashin. A Gana, a 1979, sojoji sun rushe kasuwar Makola ta birnin Akara saboda fushi da 'yan kasuwa, amma ƙarancin kaya bai tafi ba. A lungunmu ma haka aka yi. Gwaggo da bakinta ta gaya mini cewa bayan ranar nan sai da ta riƙa tafiya har Kurmi neman sukari, domin kantin da ke kusa ya mutu, sauran masu kanti kuma sun ji tsoron saro kaya da yawa.

Sai dai kada ɗan kasuwa ya ji wannan ya ɗauka an wanke shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hakkin a saurare ka daban, kasancewarka mai gaskiya daban. Mutum yana iya cin shari'a saboda gero ba ya cikin jerin dokar 1977, alhali ya san a ransa ya kulle sito yana jin kukan 'ya'yan maƙwabta. Irin wannan ya kuɓuta daga alƙalin duniya kurum.

Kammalawa

A taƙaice, ra'ayina shi ne jama'a suna da hakki a kan abincin da aka ɓoye musu a lokacin tsanani, hukuma kuma tana da ikon fito da shi. Amma wannan iko yana da sharuɗɗa: a samu dokar da ta ambaci kayan, a sanar da mai su abin da ake tuhumarsa da shi, a ƙirga abin da aka ɗauka, a bar masa hanyar zuwa gaban alƙalin da ba shi ne ya fasa ɗakin ba. In aka cire waɗannan, to ƙarfi ne kawai ya rage, shi kuwa ƙarfi ba shi da aboki. Hannun da ya fasa kantin maƙwabcinka yau ba tare da tambaya ba, shi zai iya ɗaukar kwanon awon matarka gobe.

Mu ɗalibai, waɗansunmu za su zama ma'aikatan hukuma, waɗansu 'yan jarida, waɗansu su gaji kasuwancin iyayensu. Ranar da aka tsayar da ɗayanmu a bakin wani ɗakin ajiya, jama'a suna ihu a bayansa, ina fata zai tuna ya tambayi mai ɗakin tukuna.

Kakana da Gwaggo kuwa suna nan, duk safiya sai sun gaisa. Da na karanta musu abin da na rubuta, Gwaggo ta ce, “Ai da an biya Malam kuɗin sha huɗunsa, da ni ma na fi jin daɗin madarar.” Kakana ya yi dariya ya ce, “Shidan kuwa na yafe, Allah ya yafe mini.” Allah ya ba mu shugabanni masu adalci da 'yan kasuwa masu tausayi, ya kuma kiyashe mu da yunwa, amin.